Kwamfuresar Alhaji Ta Yi Fitsari

Asabar ce cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa a Kano. Alhaji Bakano ya daɗe da mayar da garejin gidansa wurin fenti, don a cewarsa ɗakin da ba ya kawo kuɗi kango ne. Yana tsaye a kan wata Adaidaita Sahu da ya fesa wa fenti jiya da kwamfuresa, wato injin matsa iska, jikinta duk ya yi ƙuraje. Yaronsa Ɗanliti na rakuɓe a gefe. Sai ga Bazazzagi, tsohon mai fentin motoci.

BAZAZZAGI: Salamu alaikum, ina bawana? Subhanallahi! Alhaji, wannan ƙyanda ce ta kama ta ko ƙarambau?

BAKANO: Amin wa alaikumus salam. Bawan Kanawa, yau ba ranar wasa ba ce. Ina tsaka da feshi bindigar ta dinga tofar da yawu. Yaron nan ne ya ɗura min ruwa a kwamfuresa.

ƊANLITI: Wallahi Oga ban ɗura ba. Ta ina ma zan ɗura?

BAKANO: To in ba kai ba ne, maƙiya ne. Tun da na buɗe wurin nan ake min kallon hadarin kaka.

BAZAZZAGI: A ina ka sayo ta?

BAKANO: Ƙofar Ruwa.

BAZAZZAGI: Ka sayo kaya a Ƙofar Ruwa kana mamakin ruwa? Da a Ƙofar Mata ka sayo, da yanzu biki muke sha. Yaushe rabonka da buɗe bawul ɗin ƙasan tanki?

BAKANO: Wannan ɗan kunnen? Ai sawa na yi aka ƙara ɗaure shi da filaya. Iskar da na tara da kuɗin fetur ɗina zan bari ta zube a banza?

BAZAZZAGI: Ɗanliti, kashe ta. Rage iskar ta kusa ƙarewa, ka tara roba a ƙasa. Murɗa a hankali, ka kau da fuskarka.

Ɗanliti ya murɗa. Aka ji fuuu, sai ga ruwa jawur kamar na kududdufi yana tsiyaya, har robar ta kusa cika.

BAKANO: Innalillahi! Fitsari take yi! Ka gani ko? Wa ya ba ta ruwa in ba yaron nan ba?

BAZAZZAGI: Kai ka ba ta, duk lokacin da ka kunna ta. Ruwan a cikin iska yake. In ka ɗauko lemo mai sanyi daga firji, gumin da ke tsatsafowa a jikin kwalbar, Ɗanliti ne yake shafa shi?

BAKANO: Wannan ai gumin kwalba ne.

BAZAZZAGI: Kwalba noma ta yi da za ta yi gumi? Danshin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa, kamar raɓa da asuba. Iska mai zafi tana ɗaukar tururi da yawa, in ta huce sai ta sauke. Ɗauki akwati mai mita 1 ta kowane ɓangare. In zafin gari ya kai digiri 30, iskar cikinsa ba ta iya riƙe fiye da kusan giram 30 na ruwa.

BAKANO: Shi ke nan, an fara lacca. Ɗanliti, kawo wa malamin Zariya allo da alli.

BAZAZZAGI: Ka saurara, kyauta ce, na san ba ka ƙin kyauta. A irin wannan safiya ta damina, a ce akwatin na ɗauke da giram 24. Gejinka mai nuna ƙarfin iskar tanki yana kaiwa nawa?

ƊANLITI: Bakwai, wani lokaci takwas.

BAZAZZAGI: In ya nuna 7, iskar akwati takwas ke nan ka cusa a akwati ɗaya, bakwai a kan wadda ke ciki tun farko. Alhaji, kai ne ɗan kasuwa, 24 sau takwas?

BAKANO: 192. Ko cikin barci.

BAZAZZAGI: Akwatin kuma 30 kawai yake riƙewa in ya huce. Saura fa?

BAKANO: 162. To ina suke tafiya?

BAZAZZAGI: Ga su nan a roba. Kusan sulusin ledar fiya wata ke nan, kuma 'yar kwamfuresar nan taka ba ta cika awa ɗaya tana aiki take zuƙe iskar da ta kai haka. Wata nawa ka yi ba ka buɗe ba?

Bakano ya yi shiru yana kallon robar, yana lissafi da yatsu.

BAKANO: Tsaya. Kana nufin injin nan ruwa yake samarwa daga iska, ba rijiya, ba mai garuwa? Ɗanliti, nawa ake sayar da injin like leda?

BAZAZZAGI: Allah Ya shirye ka. Ruwan da ya haɗu da bakin mai da tsatsa za ka shayar da bayin Allah? Wannan jan da kake gani naman tankinka ne yake narkewa daga ciki. Kullum ƙarfen ƙara sirancewa yake, kai kuma kana ƙara masa iska. Ranar da ya gaji, ba sallama zai yi maka ba. Kullum in an tashi aiki a buɗe bawul ɗin nan, ko minti ɗaya ba ya ci.

BAKANO: Na ji. Amma ai ban yi sake ba, na sayi filtar ruwa. Ga ta nan a bakin tanki, da kuɗina, ko ragi bai yi min ba.

BAZAZZAGI: Ɗanliti, ka taɓa taɓa bututun da ke fitowa daga kan injin in yana aiki?

ƊANLITI: Sau ɗaya, Malam. Ga tabon.

BAZAZZAGI: Ka gani. Iskar da aka matsa zafi take yi, a wurin nan tana iya wuce zafin tafasasshen ruwa. In kana feshi ba tsayawa, ba ta samun zaman hucewa a tanki, da ɗuminta take fita. Ita kuwa filtar nan ɗigon ruwa take kamawa, ba ta ganin tururi. Ka ajiye maigadi a ƙofa, ɓarawo ya wuce ta gabansa sanye da rigar tururi har da gaisuwa. Sai ya shiga tiyo ya huce, ya tuɓe riga, ya fito ta bindiga ya zauna a kan fentinka.

BAKANO: To a kori maigadin?

BAZAZZAGI: A sauya masa wurin zama. Ka ja bututun ƙarfe ko na tagulla a jikin bango, mita 7 ko 8, in garejin ya yi kaɗan ka yi ta kai da komo da shi. Ka ɗan karkata shi yadda ruwa zai gangara, duk inda ya yi ƙasa ka sauke guntun bututu da bawul na zubarwa. Inda za ka ɗebi iska kuma ta saman bututu za ka ɗeba, ruwa ai ba ya hawa tudu. Can ƙarshe, inda iska ta huce, nan maigadinka zai zauna.

BAKANO: Ƙarfe mita takwas! Ina da ragowar bututun roba na aikin banɗaki, fari tas, ko taɓa shi ba a yi ba.

BAZAZZAGI: Kul! Wannan na ruwa ne. Roba ba ta fitar da zafi, sannan in iska ta fi ƙarfinta ba tsagewa take ba, tarwatsewa take kamar kwalba. Kuɗin da ka ƙi ba mai ƙarfe, mai ɗinkin fuska za ka ba.

BAKANO: Su manyan kamfanoni ya suke yi?

BAZAZZAGI: Suna da na'ura mai aiki irin na firji, tana sanyaya iskar zuwa kusan digiri 3, ruwan ya zube, ta wuce a bushe.

BAKANO: Nawa take?

BAZAZZAGI: Ɗanliti, kawo masa kujera tukuna.

BAKANO: Bar shi, na fasa tambaya. Faɗi ta talakawa.

BAZAZZAGI: Tsohuwar kwandansar esin mota, wato abin nan mai kama da lagireto da ke fitar da zafi, a wanke ta, a gwada ba ta yoyo, a sa ta tsakanin kan injin da tanki, fanka na hura ta. Ko ka naɗe bututun tagulla ka tsoma a ruwa mai sanyi, ko da a randa ne, ka sa wurin zubar da ruwa a bayansa. Don fenti kuma, daf da bindiga, akwai 'yar kwalba mai tsakuwoyi irin waɗanda ake sawa a kwalin sabon takalmi. Su tururin kansa suke sha. Masu shuɗi in sun ƙoshi sai su koma ruwan hoda, ka gasa su a wuta marar ƙarfi su dawo shuɗi, ka mayar.

BAKANO: A gasa a sake amfani da su? Ba a sake saye? Wallahi duk wanda ya ƙirƙiro wannan jininmu ne. Ɗanliti, zo in raɗa maka.

Ɗanliti ya shige cikin gida da sanɗa.

BAKANO: Ko kuma in bari sai hunturu, iska ta bushe kyauta. In ce wa mai keken ya dawo Disamba.

BAZAZZAGI: Lokacin ruwan zai ragu, ƙura ta karɓi aiki. Yaushe ka ce masa ya zo?

BAKANO: Jibi. Na ma karɓi kuɗin.

BAZAZZAGI: To nemo takardar gurza, yau kai da ƙurajen nan ne. Ni kuma kuɗin laccata fa?

BAKANO: Yanzu ka ce kyauta ce, akwai shaida. Kuma a ina ka taɓa jin ubangida ya biya bawansa?

Ɗanliti ya fito yana nishi, rungume da randa, da kaskon tuya kife a kansa. Daga cikin gida aka ji murya.

HAJIYA: Alhaji! Wa ya ɗauke min randa? Ina kaskona, ga mai na zuba a kwano zan soya ƙosai?

BAKANO: Hajiya, wallahi ina zaman zamana! Baƙon nan na Zariya ne ya ce a ɗauko.

BAZAZZAGI: Ɗanliti, ina na ajiye takalmana?