Farin Ruwa: a kai kwalta ƙauye, a bar wa ƙafa sauran tafiyar

Baƙon da ya je hutu Jos kusan an san inda za a kai shi. Zai shiga gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, ya leƙa gandun namun dajin da aka kafa a 1972, a ɗauke shi hoto a gindin duwatsun Riyom. In da sauran lokaci, a hanyarsa ta komawa Abuja ya tsaya a magangarar ruwan Assop da ke wajen Hawan Kibo, don ita ba ta da nisa da titi. Kaɗan ne ke ƙarasawa Farin Ruwa, alhali ruwan daga tudun na Jos yake tasowa, ya zo bakin dutse ya faɗo cikin ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa daga tsayin kusan mita 150. Magangarar Victoria da duniya ke tururuwa a kai, a iyakar Zambiya da Zimbabwe, tsayinta mita 108 ne, ko da yake a faɗi ba a ma haɗa su.

Abin da ke hana mutane zuwa ba ɓoyayye ba ne. Daga Wamba hanyar ta rikiɗe, da damina kuwa ƙaramar mota sai haƙuri, ɗan acaɓa ne sarki. Can gaba shi ma zai ce nan ne iyakarsa, a sauka a taka cikin kurmi. Shi ya sa duk wanda ya dawo kukansa ɗaya ne: gwamnati ta shimfiɗa kwalta har bakin ruwa. Rabin wannan kuka na yarda da shi. A kai kwalta ƙauyukan da ke kusa, domin manomi mai doya da mace mai naƙuda sun fi ɗan yawon buɗe ido buƙatarta. Amma zangon ƙarshe, na daga ƙauye zuwa gindin ruwan, a bar shi a yadda yake, a riƙa shiga da ƙafa.

Dalilina na farko kuɗi ne. Mutumin da motarsa ta kai shi bakin ruwa, ya taho da kular abincinsa da lemonsa daga birni, zai yi hotuna ya juya, ƙauye bai ga ko sisinsa ba, sai ƙura da robobin da ya zubar. Wanda kuwa dole ya ajiye mota a ƙauye, zai biya mai gadinta, ya ɗauki ɗan jagora, ya sayi gasasshiyar masara da ayaba. In ya dawo a gajiye, ƙafa duk taɓo, zai nemi inda zai zauna ya ci tuwo, wataƙila ma ya kwana. Tattakin ne ke tsayar da baƙo, tsayuwarsa kuma ita ce cinikin. Ɗakunan saukar baƙi da gwamnatoci kan gina a irin waɗannan wurare sau da yawa ciyawa ke cinye su, saboda an yi su ba da hannun mutanen wurin ba, babu wanda abincinsa ya rataya a kansu.

Na biyu shi ne rai. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a bakin ruwa irin wannan maganar ba wasa ba ce. Duwatsun da feshi ke dukansu dare da rana gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu ya wuce yadda ido ke gani. Samari kan zo da silifas, maɗauri ya tsinke tun ba a yi nisa ba, a ƙarasa da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa. Ƙarar ruwan kan kai inda ko ihu aka yi maka ba za ka ji ba. Mafi haɗari, ana iya tafka ruwan sama can kan tudu alhali ƙasa rana ake yi tarwai, sai rafin da aka tsallake da ruwa iya idon sawu ya kawo. Ɗan ƙauyen da ya ga ruwa ya fara ja, yana ɗauko ganye da karmami, ya san lokacin fita ya yi. Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Kaduna a motar makaranta bai san wannan ba, yana can yana gyara tsayuwar hoto.

Akwai masu cewa wannan ra'ayi ya rufe ƙofa ga tsofaffi da masu lalurar ƙafa. Suna da gaskiya, kuma ba na jin akwai amsar da za ta gamsar gaba ɗaya. Sai dai Farin Ruwa daga nesa ake hango farinsa a jikin dutse, ana iya gina rumfar kallo inda abin hawa ke isa. Ga kuma Assop da Gurara ta jihar Neja, waɗanda ba sa buƙatar doguwar tafiya. Ba dole ba ne kowace magangara a ƙasar nan ta zama wurin fakin.

Batun tsaro ma ba a tsallake shi. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Disambar 2023 sun isa su sa mai iyali ya yi tunani sau biyu kafin ya nufi ko'ina a gefen tudun. A nan ma ɗan jagoran da mai unguwa ya sani, wanda ya kwana a wurin, ya fi kowace taswirar waya sanin ko yau ranar shiga ce.

Abin da ake nema daga hukumomin yawon buɗe ido na Nasarawa da Filato bai kai kuɗin kwaltar kilomita ɗaya ba: a yi wa 'yan jagora rajista a koya musu taimakon gaggawa, a sa farashi ɗaya a allo don a daina cacar baki da baƙo, a kafa gadojin katako a kan rafukan, a ɗaura igiyar riƙewa inda santsi ya fi yawa, a ajiye littafin da duk mai shiga zai rubuta sunansa, a kuma duba da yamma ko kowa ya fito. Wanda ke shirin zuwa kafin a yi waɗannan, ya bari sai ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwan ke da sauran ƙarfinsa, hanya kuma ta fara bushewa.