Jinkirin sayen gida a Ingila zan iya jurewa, shirun lauya ne ba zan lamunta ba

'Yan uwa mazauna Ingila masu shirin sayen gidanku na farko, dan Allah ku karanta wannan a tsanake. Ranar da mai gida ya ce ya amince da tayinka, wallahi ba ka sayi komai ba tukuna. A Ingila da Wales wannan amincewar ba ta ɗaure kowa, sai ranar da lauyanka da nasa suka yi musayar kwantiragi ka ajiye kafin alƙalami, wanda yawanci kashi 10 ne cikin 100 na kuɗin gidan. Kafin wannan ranar zai iya fasawa ko ya sayar wa wani da ya ƙara masa kuɗi, kuma babu kotun da za ka kai shi, kuɗin da ka biya mai duba gini da na bincike sun tafi kenan. Mu da muka taso a inda in an ce "na sallama" a gaban shaidu magana ta ƙare, wannan tsarin yana mana wuyar haɗiya. Kuma tsakanin amincewa da karɓar makulli a yi wata uku, wata huɗu, wani har shida ba abin mamaki ba ne.

Toh ni dai ba duk jinkiri nake ɗora wa lauya ba, gara in faɗi wannan tun yanzu. Shi zai nemi bincike a kansil, wato ƙaramar hukuma, a kan gidan, ko akwai titin da za a fitar ta wajen, ko ɗakin da aka ƙara a baya an samu izini, sai binciken ruwa da magudana, sai na ambaliya, in kuma kana wajen Yorkshire ko irin yankunan da aka haƙi kwal a da, sai an duba ko akwai tsohon rami a ƙarƙashin gidan. Wata kansil ɗin ta amsa cikin kwanaki, wata ta ɗauki makonni, ba yadda lauya zai yi da ita. Ga kuma sarƙa, wanda zai sayar maka shi ma wani gidan zai saya, wancan ma yana jiran wani, kamar ayarin raƙuma ne, na gaba ya durƙusa kowa ya tsaya. In filat ne kuwa sai ka ƙara haƙuri, domin ba ƙasar ka saya ba, haƙƙin zama ne na wasu shekaru, dole a jira takardu daga kamfanin da ke kula da ginin, kuma tun bayan gobarar Grenfell, wani dogon benen gidaje a Landan, ta 2017 da ta ci mutum 72, bankuna da yawa ba sa sakin kuɗi a kan dogon gini sai sun ga shaidar cewa abin da aka lulluɓe bangon da shi ba mai kama wuta ba ne. Wannan kam babu mai hankalin da zai ce a yi gaggawa a kai.

Laifin gwamnati ma yana nan. A Scotland tun 2008 mai sayarwa shi ke tanadar rahoton gidan kafin ya sa shi a kasuwa. Ingila ta gwada wani abu mai kama da haka a 2007, aka soke shi a 2010, aka koma gidan jiya, sai an daidaita a kan farashi sannan kowa zai fara neman takarda.

Abin da ke ƙona min rai daban ne. Ka biya mutum ya tsaya maka a ciniki mafi girma a rayuwarka, ka tura imel shiru, ka kira a ce yana mitin, ka sake kira wata murya daban ta ɗauka ta ce "muna jiran ɗaya ɓangaren", shikenan. Jiran me? Tun yaushe? An bi sawu ko kuwa an ajiye fayil ɗin ne kawai? Haba. Layi biyu a sati sun isa su kwantar da hankalin iyali guda, kuma rubuta su ba ya cin minti biyar. Da yawa daga kamfanonin nan masu arha da ake samu a intanet, mutum ɗaya ake jibga wa fayil ya fi ƙarfinsa, wanda ya fi damunsa da waya shi ake fara dubawa. Shi kuma dillalin gida da yake ta lallaɓa ka ka ɗauki "lauyanmu", sau da yawa akwai la'adar da ake ba shi a kanka, kuma kana da haƙƙin ka tambaya a faɗa maka nawa ne.

Shirun nan kuɗi yake ci, ba ɓacin rai kaɗai ba. Tayin bashin gida da banki ya ba ka yawanci wata shida yake yi, in ya ƙare sai ka roƙi ƙari ko ka sake nema a sabon kuɗin ruwa. Kana ta biyan haya. Ku tuna ranar 1 ga Afrilu 2025 da aka sauke iyakar kuɗin gidan da ake yafe wa masu sayen farko harajin saye a kai daga fam 425,000 zuwa 300,000, wanda yake sayen gidan fam 400,000 bai kammala ba kafin ranar, fam 5,000 ya hau kansa a kan harajin da da ba zai biya ko sisi ba.

Amma mu ma akwai namu, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. Muna da kunya da kawaici, muna ganin lauya babban mutum ne kada a dame shi, sai mu yi ta "Allah ya sa mu ji alheri" wata guda ba mu ɗaga waya ba. Yallaɓai, kai ka ɗauke shi aiki. Tambayarsa ba rashin kunya ba ce.

Na biyu maganar asalin kuɗi, nan ne yawancinmu ke maƙalewa. Doka ta tilasta wa lauya ya san daga ina kowane fam ya fito saboda hana halasta kuɗin haram. In kwasar adashe ce a cikin kafin alƙalaminka, shi abin da yake gani mutum takwas ko goma sun zubo maka kuɗi a akawun, sai ka yi bayani da shaida. In Baba ne ya sayar da fili a Kano ya turo maka gudummawa, za a nemi wasiƙar cewa kyauta ce ba bashi ba, da fasfo ɗinsa, da sitatimen ɗinsa na banki, wataƙila har takardar cinikin filin, in kuma ta hannun ɗan canji kuɗin suka bi aka zuba maka daga akawun ɗin wani da ba ka sani ba, toh ka shiga uku. Najeriya ta shiga jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ke sa wa ido a Fabrairu 2023, sai a Oktoba 2025 aka cire ta, kuma har yanzu kuɗin da suka fito daga gida ana musu kallon tsaf. Ka haɗa waɗannan takardu tun kafin ka fara zuwa kallon gidaje, ka faɗa wa lauya ranar farko, kada ka bari ya gano da kansa ana saura sati a yi musaya.

Masu guje wa riba da ke bi ta bankin Musulunci irin su Gatehouse, ku sani tsarinku na haɗin gwiwa ne, banki ya saya tare da kai kana sayen kasonsa a hankali kana biyan haya a kan sauran, don haka takardun sun fi yawa kuma ba kowane lauya ya taɓa yin irinsa ba. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi, kuma ko bankinka ya amince da shi. Wannan tambayar ta biyu ta shafi kowa ma, in lauya ba ya cikin jerin waɗanda bankinka ke aiki da su, ƙarin lauya ne da ƙarin kuɗi da ƙarin jira.

Duk sati ka rubuta masa, ba faɗa ba zagi, tambaya uku kawai, me muke jira, a hannun wa yake, yaushe aka nema. A rubuce, domin in ta kai ga ƙorafi kana da shaida. Kowane kamfanin lauyoyi dole yana da hanyar shigar da ƙorafi, in sati takwas suka wuce ba su warware ba kana iya kai maganar gaban Legal Ombudsman, ofishin da ke sauraron ƙorafi a kan lauyoyi, kuma kyauta ne. Kada ka ba mai gidan haya notis sai an yi musayar kwantiragi, ko da dillali ya rantse maka Juma'a mai zuwa za a gama. Sannan in imel ya shigo ana gab da biya yana cewa lambar akawun ɗin lauya ta canza, kada ka tura ko kwabo, 'yan damfara suna jiran daidai wannan lokacin ne, ka kira ofishin a lambar da ka sani tun farko ka ji daga bakinsu.