Hoton 'yar wani a kundin 'yar wani

Wata 'yar'uwarmu a nan arewacin Ingila ta je ɗauko 'yarta daga gidan renon yara, aka miƙa mata kundin hotunan ƙarshen zango. Hotuna uku a ciki na wata yarinya ne 'yar Ghana. Su biyu ne kaɗai baƙaƙe a ajin, ɗaya doguwa mai faɗin goshi, ɗaya 'yar dunƙule mai wushirya, ko makaho ya shafa ya san ba su haɗa kama ba. Abin ya yi mini ciwo.

Ga wanda bai taɓa shiga irin gidajen nan ba: kowane yaro yana da ƙugiyar rataye rigar sanyinsa, da sunansa da hotonsa a manne a sama. Doka ta ce 'yan ƙasa da shekara 2, yara uku ne ga ma'aikaciya ɗaya, kuma kowane yaro akwai wadda aka ɗora wa alhakinsa takamaimai. Suna rubuta ƙarfe nawa ya ci abinci, minti nawa ya yi barci, sau nawa aka canza masa famfas, su turo wa uwa ta waya. Tsari kam ba a magana. Amma duk da wannan lissafi, fuskar yarinyar ce ta ɓace musu.

Ba zan ce mugunta ba ce, don abin yana da asali tun a goyo. Masu bincike suna gwada jarirai ta hanya mai sauƙi: a yi ta nuna wa jariri hoton fuska ɗaya har ya gaji da kallo, sai a ajiye ta gefe da wata sabuwa. In ya fi daɗewa a kan sabuwar, ya bambance su. A 2007 David Kelly da abokan aikinsa suka yi wa jariran Turawa wannan gwaji da fuskokin Turawa, Sinawa, 'yan Afirka da mutanen Gabas ta Tsakiya. 'Yan wata 3 sun bambance mutane a dukkan rukunai huɗun. 'Yan wata 6 sun rage da Turawa da Sinawa. 'Yan wata 9 sai Turawa kawai. Wato kowa da buɗaɗɗen ido ake haihuwarsa, abin da bai saba gani ba ne yake sulluɓe masa kafin ya yi tafiya.

Kuma ba a jini yake ba. A 2006 an gwada jariran Habasha 'yan wata 3: na ƙasarsu sun fi son kallon baƙar fuska, amma waɗanda ke zaune a gidajen karɓar baƙi a Isra'ila, suna ganin fari da baƙi kullum, ba su fifita kowa ba. Yaran Koriya da aka kai riƙo Faransa suna tsakanin shekara 3 zuwa 9, da suka girma sun fi gane fuskar Bature a kan ta ɗan Asiya.

Mu ma mukan ce Sinawa duk kamarsu ɗaya, ban musanta ba. Sai dai ni a ganina renonmu ya fi horar da ido. Jaririn da ke yawo daga bayan uwa zuwa hannun gwaggo zuwa cinyar kishiyar kaka, kafin a yaye shi ya ga fuska nawa? Kuma ba a taɓa miƙa shi hannu a shiru, sai an ce masa ga Inna wance, ga Baffa wane. Bature in zai kwatanta mutum, launin gashi da launin ido yake fara kawowa, shi ya sa in ya zo kanmu ma'auninsa ke ƙarewa. Mu kuwa goshi muke dubawa, da karan hanci, da girman ido, da haɓa, da zane in akwai.

Kiran sunan nan ba ƙaramin abu ba ne. A 2009 an bai wa iyayen jarirai 'yan wata 6 littafi mai fuskokin birai 6, su riƙa nuna musu har su kai wata 9. Waɗanda aka raɗa wa kowane biri sunansa, jariransu sun ci gaba da bambance birai. Waɗanda ake ce wa duka "biri", sun rasa. Ma'aikaciyar da a ranta take cewa "baƙaƙen yaran nan biyu" ta riga ta faɗa ramin.

Abin da ya fi damuna ma namu ne. Yaron da aka haifa a ɗaki biyu a nan, sanyi ya kulle shi wata biyar, baƙar fuskar da yake gani ta uwa ce da ta uba, shi kenan. Don haka iyaye, daga wata 6 ku wanke hotunan dangi manya, fuska ɗaya a shafi ɗaya, tana kallon gaba, cikin haske mai kyau. Hoton taron biki ba ya aiki, fuskokin sun yi ƙanana. Shida sun isa a fara. Minti kaɗan kullum ya fi awa guda ranar Lahadi. Kowa a kira shi da sunansa: Kawu Sani, Kawu Bala, kada a dunƙule su duka a "kawu". In za a yi kiran bidiyo, mutum ɗaya a lokaci guda, ya matso da wayar kusa da fuskarsa, a daina zagaya tsakar gida da ita kowa na ɗaga hannu.

Ƙiwa kam yawancin yara suna yinta wajen wata 8, ko a ina suke. Amma tsohuwar da ta sayi ragon suna, ta jira shekara biyu, ta tsaya a filin jirgin Malam Aminu Kano da hannu a miƙe, jikanta ya ƙanƙame uwarsa yana tsala ihu, ba za ka iya yi mata bayanin wata 6 da wata 9 ba. Hannun kawai za ta mayar cikin mayafi ta ce a bar shi ya huta.