A daina ɗora wa ɗaliban otel laifin guje wa sana'arsu

Wata sabuwar al'ada ta shigo Damagaram. Da an ce matasan da suka karanci harkar otel da yawon buɗe ido suna barin sana'ar, sai a kama zaure, a tara su, a ɗauko wani mai kwat da lasifika ya yi musu wa'azin kishin aiki. A raba lemo, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook. Wai matsalar a zuciyar yaran take. Abin nan ya ishe ni.

Yarinyar da ta zaɓi wannan fanni a garin nan ta riga ta nuna kishin da mai lasifikar bai taɓa gwadawa ba. Kafin ta shiga aji sai da ta yi fama da gwaggo da kawu, don har gobe in aka ce otel, abin da ke faɗo wa mutane a rai giya ce da masha'a. Wasu har su tambaya wa zai aure ta. Ta daure ta gama karatu, ta tafi sitaji. Wata da watanni tana gyaran gado da wankin bayi, ba ko kuɗin kabu-kabu. Ranar da famfo ya ƙafe, kamar yadda ya saba a nan, ita za a tura ta tsare mai ga-ruwa, ita za ta kinkimi bido zuwa ɗakuna, ita kuma baƙo zai zazzaga wa masifa. In ta yi sa'a an ɗauke ta, mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata, kuma ba kowane mai otel ke cika shi ba, balle a yi zancen kwantaragi ko rajistar CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Masu cewa yaran zamani ba su da haƙuri su fara biyan su tukuna.

Sannan a dubi baƙon da ake koya musu tarba: anasara mai kyamara, wanda zai kwana biyu ya wuce Agadas. Wannan baƙon ya fara ɗauke ƙafa tun tawayen 2007, sace ma'aikatan yuraniyom a Arlit a 2010 ya ƙarasa korar sa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, ma'aikatan furoje da ke cika ɗakuna da zaurukan taro sun ragu. Ɗalibi yana da ido. Ya san unguwar Birni da fadar Sarki suna layin jiran shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2006, Agadas ta shige a 2013, mu muna nan. Ya ga yadda gari ya cika maƙil a bukin ranar Jamhuriya na 2018, wato Zinder Saboua, bayan 'yan kwanaki kowa ya kama gabansa. In ya nemi gurbi a matatar mai ta SORAZ, ko ya hau mota zuwa manyan otel ɗin da aka gina a Yamai don taron Tarayyar Afirka na 2019, lissafi ya yi.

Alhali baƙi ba su ƙare ba. Akwai ɗan kasuwar Kano da ke shigowa ta Magariya ko Matamai, akwai 'yan rakiyar amarya, direbobin tanka, masu zuwa kallon hawan salla. Saukar irin waɗannan kuwa gadonmu ne. Unguwar Zango don ayari aka kafa ta. Fatoma, mai masaukin fatake, ya sauke falke, ya ciyar da shi, ya tsare masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya karɓi la'adarsa, kuma in ya fito gari ana gaishe shi da girma. Ba wanda ya taɓa tara fatomomi a zaure don ya zaburar da su.

Kuɗin lemo da hayar zaure, a mayar da shi alawus ɗin 'yan sitaji. Sufetocin ƙwadago su leƙa littafin albashin otel-otel. Malamai da fada kuma su fito su faɗa wa iyaye cewa saukar baƙi sana'ar halal ce, don gwaggo ba ta zuwa taron zaburarwa.