Tsawaita dusashewar sauti ba shi ne ke sa ta yi laushi ba

Yawancin masu editin bidiyo sun ɗauka in dusashewar sauti ta fita da gargada to gajarta ce matsalar, sai kaga mutum ya ja ta har sakan 6 ko 8 amma har yanzu kiɗan kamar an fizge shi a ƙarshe. Matsalar tana wajen siffar layin da ke nuna yadda ƙarar ke sauka. Kunnen ɗan Adam baya jin ƙara a miƙe yadda ido ke ganin layi, in ka rage ƙarfin sauti zuwa rabi desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 6 kawai ya sauka, kunne zai ji har yanzu da sauran ƙara sosai, shi yasa miƙaƙƙen layi zaka ji kamar babu abin da ke faruwa da farko sai dab da ƙarshe kawai ya faɗi ƙasa tim.

Wajen haɗa sauti biyu ma haka ne, ɗaya na fita ɗaya na shigowa. A manhajar editin bidiyo ta Premiere Pro in ka sa Constant Gain, wato dusashewa mai miƙaƙƙen layi, tsakanin waƙoƙi biyu daban, tsakiyar tana yin rami na kusan desibel 3, wannan ɗan lotsawar da kake ji kenan. Constant Power, wato dusashewa mai lanƙwasasshen layi, ita ke cike ramin. In kuma kiɗa ne zai mutu shi kaɗai a ƙarshen bidiyo, gwada wata dusashewar da ake kira Exponential Fade, ni dai tafi min daɗi.

Ita kuwa ƙarar "ƙas" ɗin nan ta wurin yanka, dusashewa mai tsawon firem (hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyo) 2 ko 3 ma ta isa ta kashe ta.