Ba rashin ciniki ke rufe shagunan shiyarmu ba, bashinmu ne

Duk sa'ad da aka tayar da maganar tattalin arzikin Sakkwato a nan Facebook, abin da ya fi yawa a bakin mutane shi ne "mu riƙa sayen na gida". Ba ni da ja a kan haka. Sai dai a ganina ba ƙarancin masu saye ne ya fi karya ƙananan 'yan kasuwarmu ba. Saye kam muna yi. Biya ne ba mu yi, in ma mun yi sai bayan kuɗin sun rage daraja.

Shiga kowace shiya, Mabera ko Runjin Sambo, Arkilla ko Gidan Igwai, ka sami mai tiredar da kuka saba, ka ce ya nuna maka littafinsa. Littafin 'yan makaranta ne, bangon ya sha manja da zufa, an ɗaure shi da roba don kada shafukan su zube. Buɗe ka karanta sunayen. Ba za ka ga baƙo ba, domin baƙo da kuɗi hannu yake saye. Kawunsa ne, da mijin ƙanwarsa, da maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci, da wani ma'aikaci da ya ce masa, "Rubuta mani, Malam, in an yi albashi ina kawo ma." An yi albashin, an sake yin wani, an yi na bayansa. Yanzu mutumin ya canza hanyar zuwa masallaci, ta bayan layi yake zagayawa.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne kayan da ke kan kantar nan ba duka ne nasa ba. Sau da yawa amana ce ya ɗauko daga wani babban ɗan kasuwa a Sabuwar Kasuwa, babbar kasuwar Sakkwato, bisa alkawarin zai kawo kuɗi cikin mako ɗaya ko biyu a ba shi wasu. Ribar katan ɗin taliya ko na sabulu ba ta taka kara ta karya ba, abin da ke riƙe shi shi ne saurin juyawar kuɗin. A ce ya saro kayan naira dubu 50, ribarsa dubu 4 in ya sayar duka. Mutum ɗaya ya ɗauki na dubu 10 bai biya ba. To ba riba kaɗai ta tafi ba, an gutsiri uwar kuɗi. Ga kuma hauhawar farashi: hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 ya kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wanda ya ci bashin dubu 10 a farkon shekarar 2024 ya kawo dubu 10 a ƙarshenta, a bakinsa ya biya, amma mai shago ba zai iya maido da kayan da aka ɗauka da waɗannan kuɗin ba.

Daga nan sai mai ba shi kaya ya ja baya. Kanta ta fara yin fili, a jera kwalaye marasa komai a sama don rufin asiri. Ranar da ya rufe ƙofa, mu ɗin nan da sunayenmu ke cikin littafi mu ne za mu zauna a majalisa muna cewa wane ba ya da kan kasuwa, ko a ce baki ne ya kama shi. Sa'annan mu wuce babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, mu biya abin da aka liƙa a jikin kaya, ko tari ba mu yi.

Wannan ya kawo ni ga maganar tayi. Na san tayi al'adar kasuwarmu ce, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, har a yi gyara. Tsakanin dillalai biyu a Kara, kasuwar dabbobi, wannan daidai ne, kowa ya san abin da yake yi. Amma dubi yadda ake yi wa baduku. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce aka daɗe ana ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Kafin ta zama takalmi ko jaka ko matashi, ta bi ta hannun mahauci, ta kwana a wurin majemi ana jiƙa ta da bagaruwa, an rine ta, sa'annan baduku ya duƙa a kanta da basilla. Sai wani ya zo da babbar riga, ya juya takalmin sama da ƙasa, ya ce, "Wanga nawa na?" A faɗa masa, ya taya kashi ɗaya cikin uku, ya juya kamar zai tafi. Ya san za a kira shi, domin ya ga tun safe ba a yi ciniki ba kuma ana jiran cefane a gida. Wannan ba iya ciniki ba ne, cin gajiyar matsuwar mutum ne. Haka ake yi wa tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da yarinya mai tallan fura, waɗanda duk abin da ke kan farantinsu bai kai kuɗin datar da mai tayin ke ƙonawa a yini ba. Bayan haka kuma mu dawo muna mamakin me ya sa 'ya'yan dukawa suka gwammace kabu-kabu da gadon gidansu.

Ku tuna fa abin da mutanen nan suka sha a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, Illela ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Wata guda bayan haka, a Janairun 2021, gobara ta ci wani babban sashe na Sabuwar Kasuwa. A Oktoban 2021 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo ranar da take ci, aka kashe mutane da dama. Farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, mai tumatir a ƙauye da ba ya da asusun banki ya zuba wa kayansa ido suna ruɓewa. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, hanyar Ƙonni ta sake toshewa, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya hannuna ko naka. Amma mutumin da Allah ya tsallakar da shi duk wannan, a ce ɗan'uwansa ne zai ƙarasa shi da bashin shinkafa?

A ƙauye abin ya fi ciwo, domin can sarƙar take ƙarewa. Manomin albasa a Wurno ko Kware ko Goronyo yakan ci bashin taki da man injin ban-ruwa tun farkon rani. Lokacin cira kowa ya cire tare, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa. Wanda ke da hali yakan zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira watanni har ta yi tsada. Wanda ake bi bashi ba ya da wannan zaɓin, dole ya sayar a ranar da ta fi arha. Abin takaici kuma, wani mai saye zai loda buhunan a mota zuwa kudu ya ce sai ya dawo. Har ya dawo ɗin, manomi bai biya mai taki ba, mai taki bai biya wanda ya ba shi ba, tela da mai faci da mai injin niƙa da mai shayin bakin tasha duk suna zaune, don kuɗin albasar nan su ne za su zagaya garin. Kasuwar Achida ko ta Illela ba ranar da take ci kaɗai take ciyar da mutane ba, abin da aka samu ranar shi ake juyawa har mako ya zagayo. In ya tsaya, samari su tafi cin rani, wasu kuma shi ke nan sun zama 'yan can.

Magabatanmu sun san haka. A nasihar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya sa kula da masu sana'a cikin ayyukan shugaba, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da sauransu, kuma a tabbatar kowane gari ya sami nasa. Shi Bello kansa ya zauna Wurno, can ya rasu a 1837. Bai ɗauki gari a matsayin gidaje kawai ba.

Kada wani ya ce ina zagin bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Littafin nan na mai tireda shi ke rufa asirin gidaje da yawa a ƙarshen wata, kuma babu babban kantin da zai ba yaronka rabin mudun gari bayan isha'i don kawai ya san fuskar ubansa. Wanda ba ya da shi, Allah ya hore masa, kuma mai shago ya san shi, yakan yi masa haƙuri. Da mai hali nake, wanda ya canza waya, ya yi ɗinkin anko, ya yi liƙi a wurin biki, sunansa na nan cikin littafi tun bara. Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, ta ce a rubuta, a sa wa'adi. Mu kuwa in mai shago ya tambayi ranar biya sai mu ce ya ci mutuncinmu.

Su ma masu sana'ar suna da nasu. Telan da zai karɓi ɗinkin mutum talatin alhali na goma zai iya gamawa kafin Salla, da mai awon da ya bubbuge gindin mudu, da mai shagon da ba ya bambanta aljihun jari da na cefane, su ne ke ba mutane hujjar tafiya wani wuri. Kunya ma tana kashe su. Mutum ya san wane ba ya biya, amma ba zai iya cewa a'a ba don kawunsa ne.

Akwai kuma manyan masu cin bashi da ba a cika ambata ba. Tambayi masu buga fosta, da masu hayar rumfa da kujeru, da matan da ke dafa abincin taro, yadda suke ƙarewa da wasu 'yan siyasa bayan zaɓe. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ake ta kiran a ba kafintocin gida aikin bencin makarantu, telolin gida ɗinkin kayan ɗalibai, a duk ƙananan hukumomi 23 na jihar nan. Ina goyon baya, amma da sharaɗin a ba da kafin alƙalami kuma a cika sauran ranar da aka kai kaya. Kafintan Bodinga ko na Gwadabawa da za a ba aikin benci ɗari, bashin katako da ƙusa zai ɗauko, ga yaran shago suna jiran sallama kowace yamma. In aka riƙe masa kuɗi wata shida, gara a ce tun farko ba a ba shi aikin ba.