Wa Ya Kashe Maria?

A cikin gajeren labarin "Maria" na Conceição Evaristo, marubuciya baƙar fata 'yar Brazil, da ke littafinta Olhos d'água na 2014, wata 'yar aikin gida ta hau bas za ta koma wajen 'ya'yanta, riƙe da ragowar abincin walimar uwar ɗakinta, ƙashin nama da 'ya'yan itace. A motar ta haɗu da tsohon masoyinta, uban ɗanta na fari. Ya zauna kusa da ita, ya tambayi lafiyar yaron, ya ba ta saƙon gaisuwa gare shi, sannan ya miƙe ya zaro bindiga, shi da abokinsa suka yi wa fasinjoji fashi. Ita ba su taɓa ta ba. Suna sauka fasinjojin suka juyo kanta da zagi, suna ambaton baƙar fatarta, suka yi ta dukanta har rai ya yi halinsa.

Ɗan fashin bai kashe ta ba. Mutanen gari ne suka kashe ta, talakawa 'yan uwanta masu komawa gida daga aiki. Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a nemi marubuta irin Evaristo su sassauta alƙalaminsu ba.

Wani zai ce irin waɗannan labarai suna ƙara shafa wa baƙar fata baƙin fenti a ƙasar da dama kallon mai laifi ake yi masa. Ƙorafin yana da nauyi. Amma Evaristo, wadda aka haifa a 1946 a unguwar marasa galihu ta Belo Horizonte, ta kuma yi aikatau da kanta kafin ta zama malama, ba ta ɗora laifin a kan namiji ɗaya ba. Ta nuna uwar ɗakin da ke sallamar 'yar aiki da ƙashi, da jama'ar da ke yanke hukunci da ganin launin fata. Tushen abin ya yi nisa: Brazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta haramta bauta, sai a 1888, kuma cikin bayin da aka kai jihar Bahia ta ƙasar har da Hausawa. Jikokin bayi mata su ne har yau suka fi yawa a aikatau.

Dokoki kam akwai su. An yi dokar Maria da Penha a 2006 kan cin zarafin mata a gida, a 2015 aka ware kisan mace don tana mace a matsayin babban laifi. Duk da haka, fiye da kashi 60 cikin 100 na matan da ake kashewa ta wannan hanya baƙaƙen fata ne. Alƙaluma ba sa gaya maka cewa Maria tana tunanin ko yaranta za su so shammam ɗin da take kai musu.

Kuma matan da ke labaran Evaristo ba kuka kaɗai suke yi ba. A littafinta na 2011, Insubmissas lágrimas de mulheres, labarai 13 ne, kowanne da sunan mace, kowacce da bakinta take magana. Shirley Paixão ta kama mijinta yana lalata da 'yarsa, ta ɗauki rodi ta maka masa. Ta yi shekara 3 a kurkuku, ta fito tana cewa ba ta yi nadama ba, ta ci gaba da riƙon 'ya'yansa da nata.